Kakar Tanis ta 2026: Zakaru Biyu, Tsoho Ɗaya, da Jikin da Ba a Bari Ya Huta

Ranar Lahadi 8 ga Yunin 2025, kwana biyu bayan Babbar Sallah, mata na tsakar gida suna ƙarasa suyar nama, ni kuma na kafe a gaban talabijin tun bayan azahar ina kallon wasan ƙarshe na gasar Roland Garros ta birnin Paris. Carlos Alcaraz ɗan Sifaniya da Jannik Sinner ɗan Italiya ne a fili. Na je na yi la'asar na dawo, suna nan suna ta bugawa. Wajen ƙarfe shida Sinner ya ci turmi biyu, Alcaraz ɗaya, a turmi na huɗu kuma Sinner na gaba da 5 da 3, ya samu dama uku a jere, wadda ko ɗaya ya ci, kofi ya zama nasa. Har na miƙe zan je in ga yadda ake ciki da naman. Alcaraz ya ƙwace damar farko, ya ƙwace ta biyu, ya ƙwace ta uku. Na koma na zauna.

Bayan magariba ƙanena ya shigo da abokansa, don a daren ne Portugal da Sifaniya za su kara a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa a Munich. Ya ce, "Yaya, wai wannan wasan naku ba ya ƙarewa ne? Yau fa Ronaldo zai buga." Na ce su nemi wuri su zauna. Sai da aka shafe awa 5 da minti 29 kafin Alcaraz ya yi nasara, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin gasar. Ɗaya daga cikin yaran, wanda ko yadda ake ƙirga maki bai sani ba, shi ya fi kowa ihu a ɗakin.

Ina wannan rubutu ne a Disambar 2025, kuma duk wanda zai yi maganar kakar 2026 da za a buɗe a watan Janairu, daga wannan wasan zai fara, domin a ranar kowa ya gane inda tanis ɗin maza ya nufa. Sai dai kafin nan, saboda masu karatu irin abokan ƙanena, bari in ɗan warware yadda harkar take.

Tanis ba shi da uba ɗaya kamar yadda ƙwallon ƙafa ke da FIFA. Wasannin maza na hannun ATP, na mata na hannun WTA, hukumar ITF na kula da gasar ƙasashe irin su Davis Cup, sannan manyan gasanni huɗu da ake kira Grand Slam kowace gashin kanta take ci. Ana farawa da ta Ostareliya a Melbourne cikin Janairu, a kan fili mai tauri kamar daɓen siminti. Sai ta Faransa a ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, a kan jar ƙasa da aka yi da niƙaƙƙen bulo, inda ƙwallo ke rage gudu tana tashi sama, mai haƙuri da ƙarfin huhu ya fi jin daɗi. Makonni uku bayan haka sai Wimbledon a Landan a kan ciyawa, inda ƙwallo ke sulɓewa ƙasa-ƙasa, mai ƙarfin bugun farko, wato bugun da ake sako ƙwallo da shi, ya zama dodo. A rufe da ta Amurka a New York, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a koma fili mai tauri. Abin da na kira turmi, aron kalmar 'yan dambe na yi: wanda ya riga kaiwa ci shida da tazarar biyu ya ɗauki turmi. A manyan gasannin nan maza sai mutum ya ci turmi uku cikin biyar, mata biyu cikin uku. Wannan bambancin na turmi biyar shi ne sirrin abubuwa da yawa da zan faɗa a gaba.

To, a shekarar 2024 da 2025 an buga manyan gasanni takwas, kuma babu wani namiji da ya taɓa kofi ko ɗaya ban da mutum biyun nan. Sinner ya ɗauki Ostareliya sau biyu, Amurka a 2024, da Wimbledon a 2025. Alcaraz ya ɗauki Faransa sau biyu, Wimbledon a 2024, da Amurka a 2025. A 2025 ma su biyun ne suka haɗu a wasan ƙarshe a Paris da Landan da New York, suka sake haɗuwa a Turin a gasar rufe kaka, inda Sinner ya ci ba tare da an ƙwace masa turmi ko ɗaya ba a duk gasar. A ƙarshen 2025 Alcaraz, mai shekara 22, yana da manyan kofuna shida. Sinner, mai shekara 24, yana da huɗu. A teburin duniya na ƙarshen shekarar kowannensu ya ninka makin na uku, wato Alexander Zverev na Jamus, har da ɗoriya.

Bahaushe ya ce ba a sarki biyu a zamani ɗaya, amma waɗannan sun raba gari biyu suna mulki, kuma halinsu ya sha bamban. Sinner mutum ne mai sanyi, fuskarsa ba ta nuna komai, yana tsaye daf da layin baya yana mayar da ƙwallo da ƙarfi iri ɗaya, a wuri iri ɗaya, har sai abokin karawa ya rasa numfashi. Kallonsa kamar kallon injin niƙa ne. Alcaraz kuwa ɗan wasa ne da ma'anar kalmar. Yana cikin dukan ƙwallo da ƙarfi sai ka ga ya sassauta hannu ya ajiye ta a gindin raga, ko ya ruga gaba ya tare, yana dariya. Zai iya yin abin da ba a taɓa gani ba a minti ɗaya, a na gaba ya zubar da ƙwallon da yaro ba zai zubar ba. Ni dai ba zan ɓoye ba, ɓangaren Alcaraz nake. Amma in da za a ce in sa kuɗina a kan wanda ba zai faɗi a hannun ƙaramin ɗan wasa ba ranar Talata da rana, Sinner zan zaɓa.

Abin da ya ƙara wa 2026 gishiri shi ne kowannensu akwai kofi ɗaya da ya rage masa. Har ƙarshen 2025 Alcaraz bai taɓa wuce matakin 'yan takwas ba a Melbourne, a shekarar ma Novak Djokovic ne ya tare shi a nan. In ya ci a wannan karon, zai zama namiji mafi ƙarancin shekaru da ya haɗa duka huɗun, a zamanin ƙwararru ma, wato tun 1968, Rafael Nadal da ya fi kowa ƙuruciya yana da shekara 24 ya cika nasa a 2010. Kafin 2026, maza takwas ne kacal suka taɓa yin haka a tarihi. Sinner kuma Paris ta rage masa, wurin da ya ga kofi da idonsa sau uku a minti biyu ya suɓuce. Wato Alcaraz zai je neman cika burinsa a filin da Sinner ya mayar gida, Sinner kuma zai je neman nasa a gidan Alcaraz. Ko marubucin fim ba zai tsara abin ya fi haka ba.

Akwai kuma wani lissafi da yawancin masu kallo ba sa kula da shi, alhali shi zai yanke wanda zai zauna a lamba ɗaya. Makin tanis ba ajiya ba ne, bashi ne. Duk makin da ka ci yana zama a asusunka na mako 52, in makon ya zagayo sai a cire shi, a sa abin da ka samu a bana. Wanda ya ci babbar gasa yana samun 2,000, wanda ya kai wasan ƙarshe 1,300, wanda ya ci ɗaya daga cikin gasanni tara na mataki na biyu da ake kira Masters yana samun 1,000. Alcaraz ya rufe shekarar 2025 yana gaban Sinner da maki 550 kawai. A Janairu nauyin na kan Sinner, don dole ya kare 2,000 na Melbourne, Alcaraz kuwa 400 ne a kansa. Amma daga Fabrairu zuwa farkon Mayu ba a bin Sinner bashin ko sisi, duk abin da ya samu a Indian Wells da Miami da Monte Carlo da Madrid riba ce tsantsa. Shi kuwa Alcaraz a kansa akwai kofin Rotterdam, da Monte Carlo, da Roma, da Paris. Ba sai an yi duba ba, in Sinner na da lafiya, da wuya a shiga watan Yuni bai matsa wa lamba ɗaya ba.

Dalilin wannan gibin ba abin alfahari ba ne. A watan Maris na 2024 an samu wani haramtaccen sinadari mai suna clostebol a jikin Sinner. Bayaninsa shi ne mai yi masa tausa ne ya fesa maganin a yatsansa da ya yanke, sannan ya yi masa tausa ba safar hannu. Kotun farko ta wanke shi, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta ɗaukaka ƙara, daga baya aka sasanta a kan dakatarwar wata uku, daga 9 ga Fabrairu zuwa 4 ga Mayun 2025. Dakatarwar ta faɗo daidai tsakanin manyan gasanni biyu, bai rasa ko ɗaya ba, ya dawo a Roma a gaban jama'arsa. 'Yan wasa da dama sun yi ƙorafi cewa da ƙaramin mutum ne mara manyan lauyoyi, da ba haka ba. Ni ban yarda yaron ya yi niyyar maguɗi ba, amma na fahimci masu ƙorafin sarai. Maganar ba ta mutu ba, kuma duk ranar da ya koma lamba ɗaya sai an tono ta.

A gefen Alcaraz abin da ya girgiza mutane shi ne rabuwarsa da kocinsa Juan Carlos Ferrero a watan Disambar 2025. Ferrero, wanda shi ma ya taɓa zama lamba ɗaya kuma ya ci Roland Garros a 2003, ya karɓi yaron tun yana ɗan shekara goma sha biyar, da shi aka ci duka kofuna shidan. Rabuwa da irin wannan mutum saura wata ɗaya a fara gasar da ka fi buƙata, abu ne da ke sa mai goyon baya kwana da tunani. Samuel López, wanda dama yana cikin tawagar, shi ya maye gurbinsa. Hannun Alcaraz ba ya buƙatar malami. Abin da Ferrero ke yi masa shi ne ja masa linzami a lokacin da son burge 'yan kallo ya ɗebe shi, kuma wannan ba a gane ko an rasa shi sai ranar da abubuwa suka cakuɗe a turmi na huɗu.

Sai tsohon. Novak Djokovic na Sabiya zai cika shekara 39 a watan Mayun 2026. Roger Federer ya ajiye a 2022, Andy Murray da Nadal suka bi shi a 2024, shi kaɗai ya rage a cikin su huɗun. Manyan kofunansa 24, daidai da Margaret Court ta Ostareliya, kuma na 25 ɗin ne ya hana shi zama a gida. Har ƙarshen 2025, rabonsa da cin babbar gasa tun New York a 2023. Abin mamakin shi ne a 2025 ya kai wasan kusa da na ƙarshe a dukkan manyan gasannin huɗu, abin da in matashi ne ya yi za a ce tauraro ya fito. Amma dubi yadda ta ƙare. A Melbourne ciwon ƙafa ya sa ya janye bayan turmi ɗaya da Zverev. A Paris da Landan Sinner ya fitar da shi, a New York Alcaraz, kuma a duka ukun bai ci turmi ko ɗaya ba. Shi da bakinsa ya yarda cewa a wasan turmi biyar, kafin ya iso gare su mai ya ƙare a tanki. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Namiji mafi tsufa da ya ci babbar gasa a zamanin ƙwararru shi ne Ken Rosewall, yana da shekara 37 a 1972, kuma Djokovic ya riga ya wuce wannan shekarun. In akwai inda zai yi, Melbourne ce, inda ya ci sau goma, kuma farkon shekara ne jiki bai gaji ba. Yana iya doke ɗayansu a rana mai kyau. Doke su biyun a cikin kwana uku shi ne abin da ban gani ba, ko da yake mutumin nan ya sha kunyata masu magana irin tawa.

Sauran kuwa, gaskiya ba zan daɗe a kansu ba. Zuwa ƙarshen 2025 Zverev ya je wasan ƙarshe na manyan gasanni sau uku ya dawo hannu rabbana. Daniil Medvedev wasa ɗaya tak ya ci a manyan gasannin 2025 gaba ɗaya. Taylor Fritz da Ben Shelton na Amurka suna da bugun farko mai ƙarfi, Shelton ya ci Toronto, amma a makon da manyan biyun ba su je ba. Jack Draper na Ingila ya ci Indian Wells, ciwon hannu ya kwantar da shi. Wanda idona ke kai shi ne João Fonseca na Brazil, ɗan shekara 19, wanda ya ci Buenos Aires da Basel, kuma duk inda ya je 'yan ƙasarsu na mayar da filin tanis filin ƙwallo. Dukansa na hannun dama abin tsoro ne, amma da sauransa. Labarin da ya fi daɗi a 2025 na Valentin Vacherot ne ɗan Monaco, wanda ya shiga gasar Shanghai yana lamba 204 a duniya, ya fitar da Djokovic, ya haɗu da ɗan uwansa na jini Arthur Rinderknech a wasan ƙarshe ya ci. Irin wannan na yiwuwa a wasan turmi uku. A turmi biyar mai sa'a ba ya ɗorewa.

Saboda haka in ka tambaye ni wa zai raba zakarun nan da kofi a 2026, ba sunan mutum zan ba ka ba. Ka tuna abin da ya faru a Wimbledon ta 2025. A zagaye na huɗu Sinner ya zame ya bugu a gwiwar hannu tun farkon wasa, Grigor Dimitrov na Bulgeriya ya ci turmi biyu a kansa, yana wasa mafi kyau da na ga ya yi cikin shekaru. A turmi na uku Dimitrov ya yi bugun farko, ya dafe ƙirji ya zube, tsokar ƙirjinsa ta yage. Ya fita yana hawaye, Sinner ya wuce ya je ya ci kofin. A Cincinnati Sinner ne ya janye a wasan ƙarshe saboda rashin lafiya, bayan 'yan mintoci. A Shanghai zafi da gumi suka sa jijiyoyin ƙafarsa suka ɗaure, ya kasa ƙarasa wasa. Alcaraz bai je Madrid ba saboda rauni, bai buga wasannin ƙarshe na Davis Cup ba saboda cinya. Holger Rune na Denmark jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a Stockholm cikin Oktoba. Jiki magayi.

Tushen matsalar jadawali ne. Kaka na farawa daga makon farko na Janairu ta kai tsakiyar Nuwamba, wata goma sha ɗaya ana tsalle daga nahiya zuwa nahiya, daga siminti zuwa jar ƙasa zuwa ciyawa, kowane fili da tsokar da yake ci. Sannan aka zo aka faɗaɗa gasannin Masters, har bakwai daga cikin tara suka zama na kusan kwana goma sha biyu, Monte Carlo da Masters ta Paris, wadda daban take da Roland Garros, kaɗai aka bari a mako ɗaya. Hujjar hukuma ita ce ƙarin kwanaki na kawo ƙarin kuɗin tikiti da talabijin, ƙananan 'yan wasa su samu gurbi, kuma ana hutun kwana ɗaya tsakanin wasa da wasa. 'Yan wasan suka ce kwana a otal ana jiran wasa ba hutu ba ne. Kuma yawancin gasannin nan dole ne ga manyan 'yan wasa, in ka ƙi zuwa a rage maka maki ko kuɗi. Iga Świątek ta Poland ta daɗe tana kuka da wannan, Alcaraz ma ya faɗa. A watan Maris na 2025 ƙungiyar 'yan wasa ta PTPA, wadda Djokovic da Vasek Pospisil suka kafa, ta kai ATP da WTA da ITF da hukumar ladabtarwa ta tanis ƙara kotu, kuma manyan 'yan wasa sun rubuta wa gasanni huɗun takarda suna neman kaso mai tsoka daga kuɗin shiga.

Amma fa su ma 'yan wasan ba su da ta cewa sosai. Wanda ya ce ya gaji, sai ka gan shi a Riyadh cikin Oktoba a wasan baje-koli na mutum shida, wanda ba maki a ciki, inda Sinner ya kwashi dala miliyan 6 a 2024 ya sake kwasa a 2025. Wanda ya ci gasar Amurka, bayan mako biyu da wasa bakwai, dala miliyan 5 ya samu. To wa zai ƙi? Saudiyya ta shigo harkar da ƙarfinta: a 2025 asusun zuba jarinta ne ya ɗauki nauyin teburin duniya, a Riyadh aka yi gasar rufe kakar mata, kuma an sanar za ta samu gasar Masters tata daga 2028. Ma'ana jadawalin da ake kuka da shi ƙaruwa zai yi. Hasashena shi ne a 2026 za mu ga manya suna zaɓen inda za su je, suna biyan tara da gangan, kuma wanda ya fi iya cewa a'a shi zai isa Satumba da ƙafafunsa. A nan Sinner ya nuna ya fi taurin kai: ya ƙi buga Davis Cup a Bologna a gaban 'yan ƙasarsu, aka zage shi, Italiya kuma ta ci kofin ba shi, karo na uku a jere.

Wanda ke son wasan da ba a san ƙarshensa ba, ya koma ɓangaren mata. A 2025 mata huɗu daban-daban ne suka ci manyan gasannin: Madison Keys a Melbourne, kofinta na farko tana da shekara 29, Coco Gauff a Paris, Świątek a Landan, Aryna Sabalenka a New York. Elena Rybakina ta Kazakhstan kuma ta rufe da kofin Riyadh. Sabalenka 'yar Belarus ce wadda ta rufe 2024 da 2025 a lamba ɗaya, kuma babu mai ƙarfin bugunta, amma ta faɗi a wasan ƙarshe a Melbourne da Paris da Riyadh. In wasa ya zo wuya fushi kan ci ta, kana ganin abin a fuskarta kafin ya sauka a hannunta. Ranar da ta shawo kan wannan, za ta yi wa mata abin da Sinner ke yi wa maza. Świątek, mai kofuna shida, ita ma Melbourne kaɗai ta rage mata, kamar Alcaraz. Gauff ta fi kowa gudu da juriya, amma bugun farkonta kan gudu ya bar ta, har ta ɗauko ƙwararren da ya taɓa gyara wa Sabalenka irin wannan matsalar.

Wadda ta fi shiga raina ita ce Amanda Anisimova ta Amurka. A 2023 ta ajiye wasa na wasu watanni don ta ce kanta ya ɗauki zafi. Ta dawo ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon, Świątek ta yi mata 6-0, 6-0 cikin ƙasa da awa ɗaya, a gaban duniya. Na ce a raina shi ke nan, yarinyar nan ba za ta sake ɗaga kai ba a bana. Ba a yi wata biyu ba ta haɗu da Świątek ɗin a New York ta fitar da ita, ta kai wasan ƙarshe. Ga kuma yara masu tasowa: Mirra Andreeva ta Rasha da ta ci Dubai da Indian Wells tana da shekara 17, da Victoria Mboko ta Kanada, wadda iyayenta 'yan Kwango ne, da ta ci Montreal tana da 18.

Ambaton Mboko ya tuna min wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya. Mahaifin Félix Auger-Aliassime, wanda ya rufe 2025 a lamba biyar, ɗan Togo ne. Iyayen Frances Tiafoe 'yan Saliyo ne. Duk tutar wasu ƙasashe suke ɗagawa, saboda can ne akwai fili da koci da kuɗin jirgi. Wadda ta ɗaga ta Afirka da gaske, Ons Jabeur ta Tunisiya, da ta je wasan ƙarshe na manyan gasanni sau uku, ta tafi hutu, ba za mu fara kakar 2026 da ita ba. Ɗan Najeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, shekara arba'in da biyu ke nan zuwa 2025, kuma har yau shi ake ambata. Gasar Dala da ake yi a Kano ta nuna ba wai babu masu hannu a nan ba ne. Raket ɗaya mai kyau da takalmi sun isa su cinye albashin uba.

Mu masu kallo daga nan kuma namu jadawalin daban ne. Melbourne na gabanmu da awa goma, wasannin rana ƙarfe ɗaya na dare suke farawa a agogonmu, na dare kuma ƙarfe tara na safe, lokacin da mutum ke wurin aiki yana leƙen waya a ƙarƙashin tebur. Gidajen kallo ba sa sa tanis, na gwada roƙo sau ɗaya, mai gidan ya dube ni ya ce, "Malam, in na sa wannan wa zai biya ni kuɗin mai?" Indian Wells za ta faɗo cikin azumi, wasanninta na dare kuma daidai lokacin sahur ne a nan, wannan kam ta zo min daidai. Gaël Monfils na Faransa da Stan Wawrinka na Suwizalan duk sun ce 2026 ce shekararsu ta ƙarshe, don haka duk wasansu da na samu zan kalla, ko da faɗuwa za su yi a zagayen farko. Wasan ƙarshe na maza a Melbourne ranar Lahadi 1 ga Fabrairu ne da hantsi. Na riga na gaya wa ƙanena kada ya sa ran zan ba shi rimot kafin azahar, ya ce in dai yaron nan ɗan Sifaniya ne zai buga, shi ma zai zo da mutanensa.